Watandar Barira

Shekara talatin ina ƙona yatsu da dalma
a rumfata, bakin kasuwar Auyo.
Na san cikin rediyo yadda mahauci ya san haƙarƙari,
sai dai wani baƙin abu mai ƙafa takwas,
aisi muke ce masa,
bai taɓa buɗe mini baki ba.
In ya mutu a jefar, a aika Kano a sayo wani.
Wa ya zana cikinsa? Oho.
An kulle ƙofa, an haɗiye makulli.

Sai ga Barira, 'yar ƙanena, ta dawo daga karatu
da kwamfutar da aka ɗaure murfinta da roba.
Ta ce, Baffa, yanzu akwai masu zana irinsa a fili,
su baje zanen kamar shanyar barkono,
kowa ya duba, ya ɗiba, ya gyara.
Na ce, kyauta?
Ta ce, kyauta.
Na ce, maƙwabci kan ba ka iri,
amma ba ya ba ka damina.

Abin da take nema bai da yawa:
'yar ƙwaya mai sauraron danshin fadama,
ta faɗa wa famfon sola yaushe zai sassauta.
Ta ce kwamfuta e da a'a kaɗai ta iya,
ita kuwa ƙasa ba haka take magana ba.
Cewa take: da saura, da ɗan saura, ya kusa,
kamar tsohuwa mai ɗanɗana miya.
Wannan muryar nake son kamawa.

Kullum bayan isha tana kan tudun firamare,
nan ne kawai waya ke samun numfashi.
Wani da ba ta san fuskarsa ba,
a ƙasar da ake kwanciya lokacin da muke walaha,
ya ce mata layin nan ya yi siriri.
Ta goge. Ta sake.
Manhaja ta maƙale, batir ya mutu,
ta zo rumfata ta ari nawa ba sallama.

Na tambayi kuɗin ƙerawa, ta faɗa, na kama baki.
Ta ce, ai watanda ake yi, Baffa.
Mutum da yawa, faranti ɗaya,
kowa da kasonsa,
namu bai kai tsoka ba.

Aka tura zane. Aka girbe shinkafa.
Aka shuka alkama, ita ma aka yanke.
Tumatir ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa.
Tasi'u mai shayi ya daina tambaya.

Ranar wata Laraba direba ya miƙo ambulan.
Guda goma, kowace ba ta kai ƙwayar wake ba.
Ni na liƙa ta farko.
Hannun da bai taɓa rawa ba ya yi rawa.

Da hantsi, a gonar Alhaji Jazuli,
allurar mita ta bi danshi sannu-sannu
kamar akuya bayan mai dusa.
Barira ta zauna a kan kunya, ba ta ce komai ba.
Amma da rana ta take tsaka
sai ƙwaya ta fara ƙarya:
ƙasa ta tsage, ita tana cewa laka ce.
Zafinmu bai shiga lissafi ba.

Ta ciro biro, ta rubuta awa, ta rubuta zafi,
da dare ta hau tudu ta baje wa duniya.
Na ce, tallan kuskurenki kike yi?
Ta ce, ramin da na faɗa nake kafa wa tsinke.

Jiya Tasi'u ya ajiye ludayi ya ce,
Mudi, tsakaninka da Allah, abin nan zai yiwu?
Na ce, da safe yana yiwuwa.
Azahar ce ta rage mana.

Sauran taran suna cikin gwangwanin madara
kusa da dalmata.
Baƙaƙe ne, masu ƙafa takwas, kamar na da,
sai dai waɗannan na ga cikinsu,
har na san inda suke ɗingishi.